Bargon da Goggo Ige Ta Saƙa Sau Biyu

Kwanan baya aka kai ni ganin ɗakin wata amarya a nan unguwarmu, na tarar an jibge barguna a kan gado har suna neman taɓa silin, kowanne cikin jakarsa ta leda mai zif. Aka zaro ɗaya aka baje mini don in yaba. Laushi kam ba a magana, sai ka ce bayan mage, ga hoton wata ƙatuwar damisa ta wangale baki a tsakiya. Na ce Allah ya sanya alheri, na tambayi wanda ya yi shi. Yaran gidan suka fashe da dariya, wai Inna ai inji ne, daga China ake kawo su. To, na sani mana, ba yau aka haife ni ba. Abin da nake nufi daban ne, ban kuma tsaya yi musu bayani ba, don yaran yanzu kana magana idonsu yana kan waya. Na dawo gida raina a jagule, na rasa abin da ke damuna, sai da na zauna na gane Goggo Ige ce ta faɗo mini a rai.

An kawo ni Ƙaura daga Banga ina sabuwar amarya, a daidai lokacin da ake murnar an yanke mana jiharmu. Maza suna ta cewa an huta da tafiya Sakkwato a kan kowace 'yar takarda, ga Gusau nan a bakin ƙofa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne jirgin ƙasa. Ko a lokacin ya fara ja da baya, sai ya ga dama yake zuwa, amma ranar da ya zo gari duka ya sani. Kana cikin daka za ka ji kukansa daga nesa, taɓarya ta tsaya a sama, masu tallar dafaffen rogo da ƙwai su kwasa a guje. Da safe kuwa luguden mata ne ke tashe ka, gida ya amsa wa gida, sai kukan jakunan masu itace, sai muryar dattawa suna bita a zaure. Mutum ya tashi ya tafi kasuwar Shinkafi ya dawo da yamma, babu wanda zai raka shi da addu'ar tsoro. Yau in ɗanka ya ce zai bi hanyar nan, ba ka da sauran sukuni sai ka ji muryarsa a waya. Layin dogo kuma ciyawa ta cinye shi, awaki ne ke kiwo a kai.

Gidan da aka kawo ni na malamai ne. Surukina, Baba Malam, yana karantar da manya littattafai a zaure, mutum ne mai sanyin hali, ko tsawa bai iya ba. Goggo Ige ƙanwarsa ce, tana zaune a wani ɗan ɗaki kusa da rumbu. 'Yar siririya ce, baƙa, ba ta da yawan magana, bakinta kullum da goro, hannunta kullum da saƙa. Ba ta kiran kowa da sunansa in tana da hanyar kauce masa, ni ma tun ranar da na zo ta sa mini Ta Banga, har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Ni kuwa na zo da ɗan abin da na koya na saƙar hulunan jarirai da safa, ina ji da kaina. Ta karɓi wata hula da na yi, ta juya ta ciki da waje, ta ce, “Ta Banga, zare na kika ja ko igiyar guga?” Na yi fushi na kwana biyu, daga baya na ɗauko tabarmata na dawo gefenta, don na ga hannun da ya fi nawa.

A wurin wata Bayarabiya ta koya, matar wani ma'aikacin jirgi da ake ce wa Mama Titi. Sun yi maƙwabtaka shekaru a wajen tasha, lokacin wani aure da Goggo ta yi a can. Mama Titi ta koya mata saƙa da tsinke biyu na ƙarfe, ita kuma ta koya mata dambu da tuwon dawa. Da aka sallami mijin suka koma ƙasarsu, ta bar wa Goggo tsinkayenta da wani ɗan ƙyallen saƙa guda, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, na farin zare, da ganye mai tudu a kusurwa ɗaya. Goggo ba ta karatun boko, ba ta san wata takardar zane ba. Wannan ƙyallen shi ne malaminta, da yatsa take karanta shi.

Ɗa ɗaya gare ta a duniya, shi ne kuma na fari. A Zurmi ta haife shi, a wani babban gidan malamai. Ana yaye shi auren ya mutu, dangin uba suka riƙe yaro, ita ta dawo gida hannu biyu. Sauran aurarrakin da ta yi ba ta samu rayayye ba. Sunansa Sanusi, amma ita Na Zurmi take cewa, shi ma sai ya zama dole. Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, za ka ga yarinya ta ɗauki ɗanta na fari tana sumbata a gaban uwarta, tana ɗora hotonsa a waya. A wancan lokacin uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta nuna ta san da shi in akwai mutane. Goggo kuma ta riƙe abin nan fiye da kowa. In ya biyo gaishe da kawunsa sai ta shige ɗaki ta saki labule. Amma tun kafin ya sauko daga mota ta dama fura da hannunta, ta tsiyaye nono mai kyau, ta ba ni in kai. In ya tafi sai ta bari an jima, ta ce, “Baƙon ya sha?” In na ce ya shanye, ranar nan har waƙa za ka ji tana yi ƙasa-ƙasa. Shi kuwa bai san wannan ba, ko ya sani bai ɗauke shi komai ba. A Zurmi an raine shi a kan cewa uwarsa ta yar da shi ta yi gaba, ya zo kuma ya ga macen da ke juya masa baya.

Da aka ƙaddamar da Shari'a mun yi murna, ba zan ɓoye ba, har yau kuma ban yi nadamar murnar ba. Maza suka cika motoci zuwa Gusau, aka rufe gidajen giya, aka fito da motocin haya na mata zalla, muka huta da matsi. Sai dai akwai waɗanda abin ya zame musu hanyar neman suna. Aka shiga sa ido, kowa yana leƙen kayan ɗan'uwansa. Yau a ce an ga wata alama a gindin kofi, gobe a ce a jikin atamfa, mata su yi ta ƙona zannuwansu masu kyau. A cikin wannan yanayi Malam Sanusi, wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi, ya samu babban muƙami aka tura shi Shinkafi, aka ba shi gida. Washegarin ranar da labarin ya zo Goggo ta sayar da tunkiyarta, ta aiki mijina Gusau ya sayo mata farin zaren auduga buhu guda.

Sai da ta fara na tambaye ta, ta ce bargon rufin gado za ta yi. Na ce na wa? Ta yi kamar ba ta ji ba, can ta ce, “An ce Shinkahi akwai ɗari.” Na gane. Tun da aka raba ta da ɗanta bai taɓa sa wani abu da ya fito daga hannunta ba, ko hula. Ba ta iya yi masa magana, ba ta iya taɓa shi, abin da take so kawai wani abu nata ya taɓa jikinsa kafin ta mutu. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani, in za ta sa zare a allura sai ta fito tsakar gida ta ɗaga sama.

Gida-gida ake saƙa irin wannan bargon, wato ƙyalle-ƙyalle mai kusurwa huɗu irin na Mama Titi. Kowane gida daga kusurwa ake fara shi da idon saƙa kaɗan, ana ƙarawa dama da hagu, ganyen yana tasowa a tsakiya kamar an hura shi, sai a kai rabi a fara ragewa, a bi da layuka masu tudu da jerin ƙananan huji har a rufe a ɗaya kusurwar. In ka ga gida ɗaya ba ka ga komai ba, ganye ne tilo a gefe. Sai an ɗinke huɗu, ganyayen sun haɗa gindi a wuri guda, sannan fure ke fitowa. Ta yi rani tana yi, ta yi damina tana yi. In na tuna gidan nan, abin da kunnena ke ji shi ne ƙarar tsinkayenta, ƙyas ƙyas ƙyas, daga an idar da walaha har inuwa ta bar bakin ɗakinta. Duk gidan da ta gama sai ta jefa cikin wata tsohuwar fanteka ta rufe da faifai saboda ɓera. Ni na taya ta ɗinki da geza, amma ko ido ɗaya na saƙar ba ta bari na yi ba. Da aka gama aka wanke da bula aka shanya a igiya, wallahi matan unguwa sai da suka yi ta sallama suna shigowa kallo. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, har yau.

Ana nan sai ga Malam Sanusi ya biyo daga Gusau da hantsi, tare da abokan aikinsa biyu. Shirinmu shi ne in naɗe bargon in ba direba ya sa a mota shiru. Baba Malam ne, don murna, ya ce a kawo zaure a gani. Na kai bakin ƙofa na durƙusa, mijina ya karɓa, suka baje shi a kan tabarma. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya karkata kai, ya matsa ta wajen kusurwa ya sake dubawa, ya ce, “Malam, wannan kuwa ba alamar nan ba ce?”

Na ga fuskar Malam Sanusi ta canza. Ya ce, “Kawu, wa ya saƙa wannan?”

“Mahaihiyarka ta,” in ji Baba Malam. “Shekara guda tana bisa gare shi.”

“A ina ta koya?”

Aka gaya masa. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo, ya sa bakin carbinsa yana nunawa. “Salibi ne. Kuros ne na Nasara. Ga shi nan, ga shi nan, ga wani nan, tun daga sama har ƙasa.”

Baba Malam ya ce, “Haba ɗana, ganye na. Matag ga ko ƙohwar coci ba ta sani ba. Kai da kas san hukunci, ai ka san da niyya aka kama mutum.”

“Mutane ba niyya suke gani ba, Kawu. Ni zan tsaya ina yi wa jama'a wa'azi, a shiga ɗakina a tarar a ƙarƙashin wannan nake kwana?” Da ya tsaya nan da na ce tsoron bakin mutane ne, na yi masa uzuri. Amma sai ya ɗaga murya, ya juya fuska wajen katangar da ya san tana bayanta. “Wadda take kunyar kiran sunana, ba ta ji kunyar zama gidan waɗancan tana kwasar kayansu ba. Wannan kunyar ma al'ada ce ta jahilci, babu ita a littafi. Kuma wanda bai rufe ni ba ina yaye, ina kwana a ƙasa cikin ɗari, ba sai na yi gemu zai zo ya rufe ni ba. A mayar mata da kayanta.”

Baba Malam ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa da ba gaban surukina ba ne da na faɗa masa maganar da zai kwana yana juyi. Na tattaro bargon na shigo. Goggo tana tsaye a jikin katanga, riƙe da ƙwaryar fura an rufe da faifai, da ludayi a kai. Babu kalmar da ta wuce ta. Ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, “Kai masu, kada ta tsinke.” Na kai. Haka aka dawo da ita, ko faifan ba a ɗaga ba.

Da gari ya waye na same ta a bakin ɗaki da reza, tana farke ɗinkin. Na ce, “Goggo, me kike yi haka?” Ta ce gyara za ta yi. Nan fa na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce wanda ya yi miki wannan a gaban baƙi ko tsumma bai cancanta ba, ki rufa da abinki, ko ki ba ni in kai Gusau matan manya su yi rububinsa. Na ce ba ganyen ne ya dame shi ba, ke ce bai so, ko ayar Alƙur'ani kika saƙa sai ya sami abin faɗa. Ta bari na gama, ta tofar da goro, ta ce, “Shi malami na, ya hi mu sani. Tun da yac ce akwai, akwai. Kuma maganar ɗari da yay yi, gaskiya tai. Ban ruhe shi ba.” Na ce ai ƙwace shi aka yi! Ta ce, “Shi bai san wannan ba, ɗarin yas sani.” Na shiga ɗaki na yi kukan haushi.

Da na huce na kawo dabarata. Na ce to a juya gidajen kawai, kowane ganye ya dubi gefe ɗaya, ba sai an warware ba. Muka shimfiɗa su a tabarma muka gwada. Furen ya ɓace kam, amma ta bi da yatsa ta tsaya a inda kusurwa huɗu suka haɗu, ta ce ga shi nan bai tafi ba, ɗinki ya gitta ɗinki. Na ce Goggo, in haka ne ai tagar masallaci ma haka take, tabarmar da muke kai ma haka take. Ta ce ba tabarma za ta kai masa ba. Ta yanke cewa a bargon nan ba za a sami wuri ko ɗaya da abu huɗu suka haɗu ba, ko layi ya ratsa layi.

Ta yi kwanaki tana juya ƙyallen Mama Titi a hannu, ba ta saƙa komai. Ran nan ina tankaɗe ta ƙwala mini kira, ta ce in tuna mata yadda masaƙan garinmu ke yin gwado. Na ce ƙwarya-ƙwarya suke saƙawa, dogaye, sannan a jera a ɗinke. Ta ce shi ke nan. Ta bar gida-gida, ta koma dogayen ƙwarya daga kai har ƙafa, ɗinki duka ya bi hanya ɗaya. Ganyen kuma ta cire shi daga kusurwa ta ɗora shi a kan kara, yana hawa kamar yaɗon wake, ɗaya dama, a ɗan tafi, ɗaya hagu, ba a taɓa samun biyu suna fuskantar juna ba. Faɗarsa da sauƙi. Ganyen da aka saba farawa daga kusurwa bai san zama a miƙe ba, in ta ƙara ido don ya taso sai gefen ya kumbura, ƙwaryar ta karkace kamar lauje. Ta saƙa ta warware ban san sau nawa ba, kafin ta gano cewa duk idon da ta ƙara wa ganye sai ta rage shi a bayan kara, a ɗaya gefen. Bakin yana naɗewa, ta yi masa ɗan kauri. Huji kuwa ta zubar da su gaba ɗaya, wai kada haske ya bi ta ciki ya zana wani abu.

Warwarar ita ta fi cin rai. Aikin shekara guda muka zauna muna ja, yana tafiya da wani ɗan sauti, furrr, ganye yana narkewa a gaban idonka. Zaren ya fito a cukurkuɗe kamar gashin tunkiya. Muka kife kujerar tsuguno muna naɗe shi a ƙafafunta, mu tsoma a ruwan zafi, mu rataye da dutse a ƙasa ya miƙe. Duk da haka ya yi rauni, yana tsinkewa, bayan bargon ya cika da ƙulli, kowanne sai ta tura shi ciki da tsinke don kada ya sosa masa jiki. Kafin ta kai rabi idonta ya tafi, sai dai ta bambance rana da inuwa. Na ce ta bari in ƙarasa, ta ce in na taɓa ba ta yafe ba. Da yatsa ta ƙarasa shi, leɓenta yana motsi. In ta yi kuskure can ƙasa hannunta ne ke gaya mata, ta warware ta sauka ta gyara. Aikina kawai in auna mata tsawon kowace ƙwarya a jikin ƙyauren ɗaki, in gaya mata ko sun yi daidai. Na biyun bai kai na farko haske ba, zaren ya sha hannu ya yi ja-ja. Amma duk wanda ya san saƙa ya san na biyun ne aikin, don babu wanda ya koya mata shi.

Ni da ita muka kai shi Shinkafi ranar kasuwa, a motar mata, tana rungume da shi a cinya tun daga tasha. Matar Malam Sanusi, Hajiya, ta karɓe mu ba laifi, ta kawo ruwa da abinci, ta ce Malam yana wurin aiki, alhali ga motarsa nan a ƙofar gida. Goggo ma daɗi ta ji, don da yana nan da ba ta san inda za ta sa kanta ba. Hajiya ta buɗe gefe ɗaya ta ce kai, sannu da aiki, ta ajiye a kan kujera. A hanyar dawowa Goggo ta matso kunnena ta ce, “Kin ga gadon? Ya isa?” Na ce na hango shi ta labule, zai isa har ya zubo. Bayan kwana biyu direba ya biyo ya ce an ce an gode. Wannan kalmar ta riƙe. Lokacin sanyi in na kai mata kunu da safe sai in tarar tana murmushi ita kaɗai, ta ce, “Yau kam Shinkahi an sha ɗari.” Ba ta ƙara komai a kai, ni ma ba na ƙarawa.

Da damina ta zauna Hajiya ta haihu, aka aiko mana da goron suna. Goggo ta ce za ta. Na yi mata wanki, na ɗaura mata zanenta mai kyau, muka bi ayarin matan gidanmu. An kwana ana ruwa, ƙofar gidan duk caɓi, ga maza cike da zaure an gama raɗin suna ana ta gaisawa. Ta zauren ake bi a shiga cikin gida, kuma a tarbiyyarmu mace ba ta ratsa manya da takalmi. Muka tuɓe muka riƙe a hannu, muka sunkuya, ina riƙe da hannunta ina ja. Malam Sanusi yana zaune a kan kilishi cikin babbar riga, mutane kewaye da shi.

A bakin ƙofa ta biyu, wadda ke fita tsakar gida, na ji ta tsaya cak. Na ja, ba ta motsa ba. Na duba ƙasa.

Ƙwarya ɗaya ce daga cikin bargon, an farke ta an ninka biyu an shimfiɗa don goge ƙafa. Ta yi baƙi ƙirin da laka, da ba don tudun ganyen ba da ni ma ban gane ta ba. Na ɗaga kai na hango wata an naɗe randa da ita don ruwa ya yi sanyi, wata kuma a kan igiya wajen madafa, duk baƙin tukunya. Dogayen ƙwaryar da ta sha wahala ta ƙirƙiro su suka sauƙaƙa musu, zare ɗaya za ka ja ɗinkin ya rabu. Na ce, “Goggo mu je, tsumma ne,” ina fatan ta yarda. Ina! Ina kallon babban yatsanta na ƙafa yana bin karan a hankali, ya sami ganye a dama, ya ɗan matsa, ya sami na hagu.

Mata suka taru a bayanmu, ana cewa a wuce mana. Daga cikin zaure na ji muryarsa, a natse, irin ta mai ba da umarni a ofis. “Ku ce wa baiwar Allahn nan ta ba mutane hanya.”

Ta durƙusa. Na zaci ɗauka za ta yi, na ma miƙa hannu in taya ta, don na ƙudura ko za a kashe ni sai na fita da shi daga gidan nan. Ashe bakin ta laluba, ta sami inda zare ya fara zarewa, ta kamo shi ta ƙulle da kyau, ta tura ƙullin ciki. Ta gyara masa zama ya miƙe daidai da dokin ƙofa. Sannan ta dafa ni ta tashi, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

“Ta Banga, gidan ga yana da wata ƙohwa?”

Na ce babu, wannan ce kaɗai.

“Shi ma ta nan shika shiga?”

Na ce ta nan yake shiga, safe da yamma.

“In ya hito masallaci, da takalmi ko ba takalmi?”

Na tuna jerin takalman da na gani a bakin zaure, har da nasa. Na ce, “Ba takalmi, Goggo.”

“To, alhamdu lillahi,” ta ce. “Ya karɓa ke nan.”

Ta ɗaga ƙafa ta tsallake shi ba ta taka ba, muka shiga yi wa mai jego barka.